Shaidar Malam Tanko Maƙeri

Duk wanda ya taɓa sayen wuƙa a hannun Malam Tanko Maƙeri na Faskari ya san halinsa: ba ya buga mata shaidarsa ranar ciniki. Sai ka je ka yi layya da ita, ka dawo, ya duba kaifin, ya lasa, ya harare ka, sannan ya ɗauko ɗan ƙarfen shaida ya buga sawun zabo kusa da ƙota. Ni mahauci ne, abokinsa tun ƙuruciya, amma ko ni bai taɓa ɗaga mini ƙafa ba.

Wuƙar kuwa ta isa a yi mata yanga. Sifirin mota yake haɗawa da tsohon magagari, ya naɗe, ya buga, ya sake naɗewa, in ya jiƙa ta a ruwan tsamiya sai zane ya fito kamar igiyar ruwa.

Lokacin da kuɗin fetur suka cika gari, wani ɗan kwangila ya zo daga Ƙanƙara da sabuwar mota, yana son wuƙaƙe masu shaida nan take.

"Mi za ka yanka, Alhaji?"

"Ba yanka ba, Baba. A bangon falo zan rataye."

"To ka tahi ka sayi kalanda."

Wata damina kuma ya ji labarin wuƙarsa ta yi giɓi a Sabuwa, ya hau keke ya nufi can. Ku da kuka san hanyar nan! Rabin tafiyar shi ya ɗauki keken a kafaɗa. Ashe mai wuƙar waya ya datsa da ita. Malam Tanko ya zauna a zaure ya goge shaidarsa tas da magagari, ya miƙa masa.

"Yanzu taka ce, datsa abin da kake so. Ina tuwon?"

Kai, Malam Tanko! Ya cinye, har ya nemi ƙari.

Amma zamanin da ya kawo ɗan kwangila shi ya kwashe masa 'ya'ya, duka suka tafi masaƙa a Kaduna. Wuƙaƙen kanti masu ƙyalli suka cika kasuwa. Masu sayen tasa ma suka daina dawowa karɓar shaida, wa ke da lokaci? Bayan kowace layya sai ya share maƙera, ya shimfiɗa tabarmar baƙi, ya zauna yana kallon hanya. Abin yana cin raina, shi ya sa nake sayen wuƙar da ba na bukata.

A layyarsa ta ƙarshe ni kaɗai na zo. Ya ce in riƙe masa ƙarfen shaidar. Ya ɗaga masaɓa da ƙyar ya buga, sawun ya fito a karkace.

"Mahaucin banza, ko riƙo ba ka iya ba!"

Muka yi dariya har da hawaye. Daga nan ya sa ƙarfen shaidar a wuta, na ubansa ne tun daga kakansa, ya ce in ja zuga-zugi. Da ya yi ja ya daddaƙe shi har sawun ya ɓace.

Na ce, "Malam, yaran fa?"

Ya ce, "Na tambaye su da Sallah. Ba su ma san wane ƙarfe nike nuhi ba."

Yanzu in na bi ta wurin ba na iya tsayawa. Allah Ya jiƙan Malam Tanko, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi abokan zama na ƙwarai, don ya sha zama shi kaɗai. Amin.