Neman Taliyar Bama a Abaji

Asabar: daga Abuja zuwa Kwali

Na bar gida a tsohuwar Abuja ƙarfe biyar saura kwata na asuba, cikin damina, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Mahaifina, tsohon soja, ya yi wata guda a kwance. Ko kunu ba ya iya gamawa. Abu ɗaya yake ambata: wata taliya cikin romo da suka ci a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya ce abokinsa Kofur Danladi ya iya ta, kuma an ce yana sayar da abinci a Abaji.

Na samu gaban wata babbar mota mai ɗaukar doya. Ƙarfe shida muka wuce Zuba. A Gwagwalada muka tarar an rufe shinge saboda ruwan da aka yi, sai hanya ta sha iska. Awa uku muka yi, na karya da fura wajen wata Bafillatana.

Da na gaya wa direba abin da zai kai ni Abaji, ya ce, "Malam, mil sittin saboda taliya?"

Na ce, "Mara lafiya ne ya nema."

Daga Kwali ya daina tsayawa ɗaukar kaya.

Abaji

Mun iso ƙarfe biyu da rabi. Rumfar Kofur Danladi tana bayan tasha: benci biyu, tukunya ɗaya, da wani dogon dattijo Bagwari yana murza ƙullu a kan faranti. Na gaishe shi, ban faɗi ko ni wane ne ba. Na ce a zuba mini.

Taliyar murji ce mai kauri, tana iyo cikin romon ƙashin shanu. Ga citta, ga lawashin albasa, ga rabin dafaffen ƙwai a sama. Na kurɓa, zufa ta keto mini. Ban ajiye kwanon ba sai da na ga gindinsa.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan Saje Mamman ne. Kunnenka na shi ne."

Na gaya masa halin da ake ciki. Ya zauna a benci. Ya ce wata tsohuwa ce ta dafa musu taliyar a wani ƙauye, ranar da babana ya goyo shi daga daji da harsashi a cinya.

Na fito da takarda na ce, "Baba, faɗa mini yadda ake yi, in rubuta."

"Mai da takardarka. Taliya ba ya shiga takarda. Da ni za ka tafi."

A gidansa na kwana, matarsa ta ba ni sabuwar tabarma.

Lahadi: komawa

Ƙarfe biyar muka tashi, Kofur rungume da tukunyarsa da ƙullin citta. Shinge a buɗe yake, kafin azahar muna Abuja.

Da Kofur ya shiga ɗakin babana, ya ƙame ya sara masa. Babana ya ɗaga hannu da ƙyar ya rama, sai kuma suka fashe da dariya har tari ya sarƙe babana.

Da Kofur ya dafa taliyar, cokali huɗu kawai babana ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa. Kofur ya ce ƙarya ne, bakinsa ne ya lalace. Suna wannan musu har la'asar, babana a zaune, ba jingina. Innata ta leƙo ta gani, ta koma madafa tana share ido.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direban nan da ban tambayi sunansa ba. Kofur ya ce kwana biyu zai yi. Sai da ya yi goma sha ɗaya, kuma babana ne ya raka shi tasha da ƙafarsa.