Yayana Haladu da ramin kuzar bayan makaranta

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Haladu, malamin wasanni a wata firamare ta nan gefen Bukuru. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi, ya sha jinya, Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni a aji huɗu na ajiye karatu, facin taya nake yi a bakin titi. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne ɗana Nura, mai shekara tara, wanda bai zo duniya ya tarar da baffan nasa ba.

Wanda bai san Bukuru ba, bari in gaya masa. Masu haƙar kuza na da sun tafi sun bar mana ramuka, ruwa ya cika su. Daga sama ruwan kwance yake lumui, kore shar. A baki iya gwiwa ne, ka ƙara taku kaɗan sai ka ji babu ƙasa a ƙarƙashinka. Sanyinsa yana ɗaure jijiya ko da rana ta take, can ƙasa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ɗaya daga cikin ramukan nan yana bayan makarantar da Yaya ya koyar. Makarantar da Nura ke zuwa ke nan yanzu.

A makarantar, duk abin da ba a yin jarrabawa a kansa Yaya ake jibga wa: guje-guje, fareti, waƙa, zane. Abokan aikinsa har Malam Tsalle suke ce masa, shi kuma ya amsa. Bai daɗe da fara aiki ba wani yaro ɗan ajinsa ya nutse a ramin. Bayan an yi sadakar bakwai sai Yaya ya shiga bin iyaye gida-gida, wai su ba shi yaransu ranar Asabar ya koya musu iyo. Da yawa sun kore shi. Ina tare da shi ranar da wani dattijo mai sayar da hatsi ya ce masa, "Malam, mu muna korar su daga ruwan nan, kai kuma za ka kai su da hannunka?"

Yaya ya ce, "Alhaji, korar ta hana su zuwa? Kai da kana yaro ba ka je ba?"

Dattijon ya yi dariya ya ce ya je, har ya sha bulala. Amma bai ba da ɗansa ba.

Waɗanda suka yarda, da su ya fara. Lokacin ina saurayi ina koyon faci, sai ya riƙa zuwa shagon ogana yana kwashe tsofaffin robobin cikin taya, ni in like su in hura musu iska. Ya kafa turaku a inda ruwan bai kai ƙirjin yaro ba, ya ɗaura igiya, wanda ya ƙetare ta ya koma gida ranar. Ba iyo yake fara koyarwa ba. Kwanciya rigingine a kan ruwa yake fara koya wa yaro, hannunsa a ƙarƙashin ƙeyarsa, har yaron ya daina harbe-harbe. Ni ma haka na koya a hannunsa, da gemuna ya fara tsirowa, yara suna mini dariya. 'Ya'yan Musulmi da na Kirista duk ruwa ɗaya, sanyi ɗaya, haƙora na kaɗawa.

Abu ɗaya da ya sha faɗa da sauran malamai a kansa shi ne duka. Yaron da ya zo da bakinsa ya ce sun je ramin, Yaya ba ya taɓa shi, kuma ba ya bari a taɓa shi. Suka ce yana lalata yara. Amma rashin dukan ne ya sa yara suke kai masa maganar da ba su iya faɗa a gida, ta ruwa da wadda ba ta ruwa ba. Ba zan ce a zamaninsa ramin bai ci kowa ba. Ya ci. Amma na ga yaran da aka ciro da ransu suna aman ruwa, don 'yan uwansu sun ruga da gudu sun kira manya.

Da ya rasu, abin ya bi shi kabari. Yau rabin filin wasan makarantar shaguna ne. Lokacin wasanni yana nan a rubuce a bangon ofis, amma in ya yi, tsintsiya ake raba wa yara. Gangunan faretin ban san inda suka shiga ba. Maganar ramin kuwa, makaranta da mai unguwa sun haɗa baki a kan magani ɗaya: duk yaron da aka kama a can a zane shi. Iyaye mata suka ƙara da labarin aljana mai jan ƙafa. Yaran ba su daina zuwa ba. Sun dai koyi zuwa lokacin da babu babba a wurin.

Cikin waɗanda suka koya a hannun Yaya, mu biyu muka rage a kusa da ake iya kira: ni da Gyang, tsohon ɗalibinsa, mai tuƙa keke. Tun da rikici ya raba garin nan, Musulmi da Kirista kowa ya koma cikin nasa, shi yana ƙetaren ramin, ni ina wannan gefen. Ba ma haɗuwa a suna ko biki. Sai in yaro ya nutse.

A ranin da ya wuce aka nemi Auwalu aka rasa, ɗan maƙwabcinmu, ajinsu ɗaya da Nura. Bayan la'asar uwarsa ta shiga bin gidaje. Ta shigo namu Nura yana cin abinci, ta ce, "Nura, ina abokinka?" Ya ce tun da aka tashi makaranta bai gan shi ba. Ya ci gaba da cin abincinsa. Sauran yaran ma haka suka ce mata.

Washegari da safe mata masu wankin karas suka ga rigar makaranta da silifa a ƙarƙashin wani dutse. Aka kira ni, aka kira Gyang. Unguwa ta cika bakin ramin. Muka yi ta nutso a daidai inda aka ga rigar, mu taso mu sha iska mu koma, ba komai sai laka. Na taso ina haki sai na ji muryar da na sani daga cikin mutane.

"Baba, ba nan ba ne. Can ne, wajen injin ban ruwa."

Nura ne. A can muka sami Auwalu. Gyang ya kama hannu, na kama ƙafa.

Injin da Nura ya nuna na masu lambu ne, kuma ranar da abin ya faru suna cikin lambunsu a bayan tudu. Ihu ɗaya zai kai musu. Yara huɗu, har da Nura, suna tsaye suna kallo har ruwa ya rufe, suka ɗebi takalmansu kowa ya nufi gida. Da muka koma, matata Hajara, uwar Nura, ta ɗauko bulala, na riƙe ta. Na tambaye shi me ya hana su kiran mutane. Ya ce, "Za a dake mu." Hajara ta saki bulalar ta zauna a ƙasa. Ita ce kullum take ce masa ranar da ta ji ya je ramin sai ta karya masa ƙafa. Ban ga laifinta ba, duk matan unguwa haka suke faɗa, kuma don so suke faɗa.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da yana raye. Ba na jin zai yi mamakin nutsewar, ya san ramin. Shirun ne zai kashe shi. Yaro ya ga abokinsa ya nutse, ya dawo ya zauna ya ci tuwo, ya dubi uwar mamacin ya ce bai gan shi ba. Ba mugunta ba ce, na san ɗana. Mu muka koya musu cewa bulala ta fi mutuwa kusa.

Na je wurin hedimasta na ce ya ba ni yaran ranar Asabar, ni da Gyang, kamar yadda Yaya ya yi. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Oga Sale, in yaro ɗaya ya shaƙi ruwa a hannunka, ni za a zo a kama, ba kai ba." Gaskiya ya faɗa. Na yi masa godiya na fito.

Saura nawa na gida. Tun bayan abin, Nura ko hanyar ramin ba ya bi. Hajara ta ce ai shi ke nan, ya tsorata, Allah ya raba su. Na ce mata tsoron yaro ba ya shekara. Zafi zai dawo, abokai za su ja shi, zai koma, kuma ba zai gaya mana ba.

Ta ce, "Baban Nura, ruwan da ya ci Auwalu za ka sa mini ɗa a ciki?"

Na ce, "Shi ne ruwan da ke bayan makarantarsu. Wani muke da shi?"

Ta ce, "In wani abu ya same shi, kada ka dawo gidan nan."

Na ce na ji.

Asabar ta farko ko ƙafa bai tsoma ba, ya tsuguna a kan dutse, muka dawo. Ta biyu ya shiga iya gwiwa yana riƙe da wandona. Sai da muka yi ta zuwa kafin ya yarda ya kwanta rigingine. Ranar da na zare hannuna daga ƙeyarsa bai sani ba, ya daɗe a kwance shi kaɗai yana kallon sama. Da ya gane, bai yi murna ba. Ya miƙe tsaye, ruwa na zuba daga kunnensa, ya ce, "Baba, da na iya wannan ranar, da na ciro Auwalu?"

Na so in ce masa e. Na ce, "A'a. Da ku biyu zan ciro. Wanda ke nutsewa ba a kama shi da hannu, shaƙe ka zai yi. Manya ake kira."

Can ya ce, "Ko za a dake ni?"

Na ce, "Ko za a dake ka."

Mutane suna cewa malamin kirki aikinsa ba ya mutuwa. Ni dai abin da na gani shi nake faɗa. Yaya ya yi shekaru a cikin ruwan sanyi don yara su fito da ransu, abin da ya rage na wahalarsa shi ne maza biyu masu furfura da suka iya ciro gawa. Sai kuma yaro ɗaya, in Allah ya sa ya riƙe. Bai kai abin da ya cancanta ba, amma shi ke hannuna. Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya jiƙan Auwalu.

Har yanzu muna zuwa. Hajara ba ta sake tanka maganar ba. Sai dai duk ranar Asabar ba ta hura wuta sai ta ji muryoyinmu biyu a zaure.