Zogalen Baba a ƙasar sanyi

Yau da safe na tona tukunyar da na shuka zogale, na tarar irin duk ya ruɓe.

'Ya'yan bishiyar da marigayi Baba ya dasa ne a tsakar gidanmu na Tudun Wada. An sare ta bara za a yi gini, Inna ta ƙulle min su a leda na taho da su Ingila.

Da na ga ruwa ya sauka, sai na yi shuka yadda Baba ya koya mana. Har inuwa na nema masa, wai kada rana ta ƙona shi. Wace ranar?

Na kira Inna ina ƙunƙuni, ta yi dariya har da tari.

"Ke Rabi, manomi abin da ƙasa ta rasa yake jira. Mu nan ruwa muke roƙo, ku can rana za ku roƙa."

Ɗan irin da ya rage a ledar yana bakin taga, ni da shi muna jiran rana.

'Yan'uwana Zazzagawan da ke ƙasashen sanyi, akwai wanda zogale ya taɓa yi masa a nan?