Gwiwar Lamont Pruitt

Orville Tackett a filin ƙwallon wata ƙaramar jami'a ta jihar Alabama ya yi furfura, yana koya wa samari masu kwalkwali yadda ake karo ba tare da an karya wuya ba. Kai, bawan Allahn nan ya ci kaji! Duk shekara sai ya bi gidaje neman 'yan wasa, ya zauna a falon uwar yaro, a zubo masa soyayyiyar kaza da burodin masara, ya cinye tas ko da a ƙoshe yake, don uwa ba ta damƙa ɗanta ga wanda ya rage mata abinci. In yaron ya zo, Orville ne mai tashinsa zuwa aji, shi ya san budurwarsa, shi ke gane tarinsa daga nesa. Wanda ya ji ciwo kuwa sai a ce ya huta shekara guda, gurbinsa na nan yana jiransa.

Da girma ya kama shi, wata ƙungiyar ƙwararru a can arewa ta ɗauke shi mataimakin koci. Filinsu rufi gare shi, ko iska ba ta shiga. Yakan tsaya da usur a baki hankalinsa ya yi gida: gangunan ɗalibai da yamma, hayaƙin gashin nama yana tasowa daga wajen ajiye motoci, jajayen ganyaye suna sauka a hankali kamar ba sa son isa ƙasa. Sai wani ƙaton ɗan wasa mai 'ya'ya uku ya daka masa tsawa, "Koci, ka dawo, ko mu tafi shan shayi?"

Farin cikinsa ɗaya shi ne Lamont Pruitt, tsohon ɗalibinsa da ke wasa a ƙungiyar. Lamont da wani sabon yaro suna neman gurbi ɗaya, ƙarshen mako za a sallami ɗaya daga cikinsu.

Ran Talata Orville ya lura da yadda Lamont ke dasa ƙafar hagu. Ya ja shi gefe.

"Ɗana, gwiwar nan fa?"

"Wace gwiwa? Koci, idonka ne ya tsufa."

"Ni za ka yi wa wayo? Na san tafiyarka tun kana cin kwano uku ka ce azumi kake."

Lamont ya yi dariya, ya mayar da kwalkwalinsa. Tausayi ya cika Orville. Ya wuce kai tsaye ofishin babban koci, yadda ya saba yi tun yana da baƙin gashi.

"Ranka ya daɗe, a hutar da Pruitt. Gwiwarsa tana so a lallaɓa ta."

"Gwiwa?" Babban kocin ya ɗago kai. "To, madalla. Ka kyauta da ka faɗa."

Orville ya fito zuciyarsa wasai, har da ɗan fito.

Washegari ya tarar da Lamont a ɗakin canza kaya, yana cusa takalmansa cikin baƙar ledar shara. An riga an cire sunansa daga ƙofar ma'ajiyar kayansa. Orville ya matsa kusa da shi.

"Hutu na ce a ba ka. Wallahi hutu na ce."

"Na sani, Koci." Lamont bai ɗaga murya ba. Ya ɗaure bakin ledar. "Tun farkon bazara nake ɓoye ta. Likitansu bai gani ba, kyamarorinsu ba su gani ba. Duk ginin nan kai kaɗai ke kallona."

Ya saɓa ledar ya nufi ƙofa, yana ɗingishi a fili.