'Yan Kunnen Tarwada

Ranar Larabar da aka ba mu hutun ƙarshen aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da wata farar mota a bakin madatsar ruwan Babanmu, can bayan Danchuwa. Madatsar ba wata abar a zo a gani ba ce. Ƙasa ce da buhunan yashi da Baba ya tare rafi da su, sai bututu ɗaya mai sakin ruwa zuwa kududdufin da ke ƙasa. Amma da ita muke ban ruwan albasa da tumatir duk rani, kuma a cikinta 'ya'yan tarwada suke girma. Ni ce mai watsa musu dusa safe da yamma, har sun san motsin ƙafata.

Mai motar wani ɗan boko ne da takalmin roba har gwiwa, wai wata ƙungiya ce ta turo shi ya gano ko ƙananan kifaye suna tsira idan sun bi ta bututun. Mutumin da ko riƙon tarwada bai iya ba, sau uku ƙayarta tana soke shi a gabana! Ya zazzage wasu 'yan ƙarafa masu ƙyalli da lamba, yana huda bayan kowane kifi yana maƙala masa ɗaya, kifin da bai wuce tsawon yatsana ba. Inna ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma kifi ake sa wa 'yan kunne?" Baba kuwa, don kunyar baƙo, ya bar shi ya ci gaba da hudarsa.

Kafin kwana uku zalɓe sun tsinci dami a kala. Ƙyallin ƙarfen nan yana nuna musu inda kifi yake, suna ta tsinta hankali kwance. Waɗanda suka shiga bututu kuwa, ƙarfen ya sarƙe a ciyawar da ke bakinsa, suka mutu a rataye. 'Yan uwansu da ba a huda ba suna wucewa lafiya lau, kamar yadda suka saba tun kafin a haife ni.

Na tsince matattun cikin kwanon dusa, na kai wa mai motar ina kuka. Na ce, "Yallaɓai, ƙarfenka ne yake kashe su." Ya yi dariya ya ce, "Yarinya, je ki yi wasanki." Ya karɓi kwanon, ya duba lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya ga dama. A ranar na fara raina babba, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Bayan damina takarda ta zo, wai bincike ya tabbatar madatsarmu tana kashe kifi. Aka turo mutane da diga suka fasa ta da hantsi, Baba yana tsaye ya goya hannu a baya. Ranin nan albasa ta bushe a tsaye, shi kuma ya koma dako a kasuwar shanu ta Potiskum, da furfurarsa.

Yanzu idan na bi ta wurin, ƙaya ce da ledoji, yara suna buga ƙwallo inda a da ruwa yake kai mini ƙirji. Na ji an ce mutumin ya zama babban masani, har gayyatarsa ake yi ya yi jawabi a kan kifi. Ni dai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar lambunmu nake kewa. Baba ya bar duniya bai sake dasa albasa ba.