Injin Haladu da Na'urar Likitoci

Haladu mai injin niƙa bai taɓa yarda da magana daga jin farko ba. Ko ce masa aka yi an ga wata, sai ya tambayi wa ya gani, daga kan wane soro. Kuma ba a banza ya zama haka ba. Da can masunci ne a bakin kogin Haɗejiya. Ciyawar kachala ta cinye masa wurin kamun kifi, ambaliya ta ci gidan, masu manyan riguna suka zo suka ɗauki hotonsa tsaye cikin taɓo, daga nan bai ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ya sayar da kwalekwale ya kafa inji a gefen gari, da shi ya aurar da 'ya'yansa, ya kuma rantse ba mai sake tashinsa daga wurin.

Sai aka gina cibiyar bincike bango da bango da rumfarsa. Wai asibitoci da makarantun yankin ne suka haɗa hannu suka sayo wata na'ura daga waje, mai nuna abin da ko madubin likita ba ya gani, don a gano me ke lalata ƙodar mutanen bakin kogi. Haladu ya kalli akwatunan da ake saukewa, ya taɓe baki.

Ba a daɗe ba sai ga Dakta Ummussalma, mai kula da na'urar, ta zo ta rusuna ta gaishe shi. Ladabin ma bai kwanta masa ba. Ta ce duk sanda injinsa ya tashi ƙasa tana rawa, hoton ya dagule, aikin yini ya tafi a banza, don haka sun nemo masa wani fili bayan kasuwa. Wato rumfarsa suke so su mayar wurin ajiye motoci, in ji zuciyarsa. Shi da yake wuni a kan ƙasar bai ji rawarta ba, sai su da ke bayan bango?

Ya ce sai ya gani da idonsa, ta yarda. Kafin ya shiga suka ƙulla da ƙanensa Tasi'u a asirce: filashin waya na farko ya tayar da inji, na biyu ya kashe.

Ɗakin sanyi ƙalau, ko ƙarar waje ba a ji. A allo ga wani abu kamar raga, tsaf, zare-zare, wai ɗan yankin ƙoda ne. Haladu ya sa kowa ya ja da baya ya harɗe hannu, kada wani ya taɓa wani abu. Yana ta jan su da hira, hannunsa cikin aljihu, ya danna waya. Can sai ragar ta kama makyarkyata har ta dushe. Ya sake dannawa, ta dawo tas.

"Baba, ka gani?" in ji Dakta.

"Ƙodar wane ne wannan?"

Ta ce ba a faɗin suna, amma ɗan gari ne, yana kwance, sakamakon nan ake jira.

Ya fito ransa a ɓace, fiye da a ce ya kama su da ƙarya. Ƙarya ya san yadda ake faɗa da ita, ya saba.

Mata masu jiran niƙa suka tare shi da tambaya. Ya ce dabara ce kawai irin ta 'yan boko, kada su yarda. Sannan ya ce kowa ta ɗauki kwanonta, yau ba aiki. Ya karɓi sifana a hannun Tasi'u, ya durƙusa gindin injin, ya fara kwance noti da kansa.