Tsakiya Uku a Tsumman Iya

A ƙauyenmu da ke gabas da Burumburum, damina ce lokacin tatsuniya, ba rani ba. Da an idar da sallar magariba, idan ruwa ya hana mu wasan dandali, sai mu cika ɗakin kakarmu Iya Dije. Ta hura wuta a tsakar ɗaki, ta jera masara a bakin garwashi. Iya ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ita ke zaɓar masara mafi girma, ta riƙe har ta huce, sannan ta ba wanda bai yi gyangyaɗi ba.

Ina da shekara tara na je kiwon awaki bakin kufai, inda tsohon garinmu ya taɓa zama. Ruwan daren jiya ya zabtare gefen kwazazzabo, ya bar bango ya fi tsayin mutum. A jikinsa na ga abu yana ƙyalli. Na tono tsakiya uku, duwatsun ado masu huda: baƙa daga sama kusa da saiwar ciyawa, shuɗiya ta gilashi daidai ƙirjina, sai jar ta dutse can ƙasa, wadda sai da na durƙusa na ciro ta.

Mahaifiyata tana ganin su ta yi salati. “Kayan mutanen ɓoye ne! Gobe da sassafe ki mayar da su, ko in jefa su a masai.” Na yi kuka har na shiɗe, domin ban taɓa mallakar abin da ya kai su kyau ba.

Da yamma Iya ta karɓa, ta kara su kusa da wuta, ta daɗe tana juyawa. Ta tambaye ni inda na sami kowacce, na faɗa mata. Sai ta gyara zama ta ce, “To, ga wata nan tafe, ku buɗe mata kunne.” Muka ce ta iso lafiya.

Wai a farkon zamani an yi wata budurwa a bakin wannan rafi, mahaifinta ya yi wata guda yana huda mata jan dutse. Ran nan zarenta ya tsinke, ta tsince duwatsunta duka sai ɗaya. Ƙasa ta ce mata, “Bar mini wannan ajiya. Ran da aka ce ba ku taɓa zama a nan ba, ni zan ba da shaida.” Garin ya mutu, ƙasa ta rufe shi. Wasu mutane suka zo suka gina nasu a kai, ba su san suna kwana bisa ɗakunan wasu ba. Fatake suka kawo musu shuɗin gilashi daga bayan hamada, ƙasa ta karɓi nata guda. Su ma suka shuɗe.

“Sai gari na uku,” in ji Iya. Ta ɗaga baƙar. Masara tana ƙonewa, ba wanda ya motsa.

“Wannan ba tatsuniya ba ce. Irin jigidar Innata ce. A kufan nan aka haife ni.”

Ban taɓa tunanin Iya ta yi uwa ba, balle a ce ƙarƙashin uwar akwai wasu matan, ƙarƙashinsu kuma wasu. Ranar ba ta rufe labari da “ƙurunƙus kan ɓera” ba. Ta dubi mahaifiyata da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, “Ba na aljanu ba ne, na mutane ne irinmu. Bar mata.” Ta yagi tsumma ta ƙulle kowacce daban, jar a ƙasa, shuɗiya a tsakiya, baƙa a sama, yadda ƙasa ta jera su. Ta hana ni sa su a wuya, ta ce riƙo aka ba ni.

Na riƙe su har na yi aure, na zama malamar firamare a Tudun Wada, Iya ta daɗe da rasuwa. Wata shekara masu binciken kayan tarihi suka zo daga wata jami'a suna zagaya kufai. Kwazazzabon ya riga ya cinye bangon nan gaba ɗaya. Na kai wa shugabarsu tsumman. Da na bayyana mata tsarin ƙullin, ta dafe ƙirji ta ce mutane da yawa suna kawo musu tsakiya, amma a cakuɗe, ba a san wadda ta riga wata ba. Ta roƙe ni in bar musu duka ukun. Raina bai so ba, amma na ba ta.

Ta ɗauko katinta tana rubutu. Da ta zo kan baƙar, na ce ai wannan an san mai ita, kakar mahaifina ce.

“Masha Allah! Mene ne sunanta, Malama?”

Ashe ban san sunan ba. Iya ba ta taɓa ambatar sunan mahaifiyarta ba, don kunya irin ta mutanen da, mu kuma ba mu tambaya ba. Duk wanda zai sani ya riga mu gidan gaskiya. A nan na gane abin da Iya take nufi da shaidar ƙasa. Budurwar farkon zamani da matar da jininta ke jikina sun zama ɗaya, kowacce tsakiya guda ta rage mata.

Matar tana jira da biro a hannu. Na share hawaye na ce, “Rubuta Innar Iya.”